Tifa Tara ta Baƙar Ƙasa

A kasuwar Bukkuyum aka yi cinikin, a rumfar Ɗantani mai sayar da injinan ban ruwa, bayan an sauko daga azahar. Alhaji Surajo, mai sayen zinari a hannun mahaƙa, yana zaune bisa benci ya tattare babbar rigarsa a cinya. Namadi mai lambu yana tsugune gabansa, amma idonsa yana kan wani jan inji da ke cikin kwali, ko ledar jikinsa ba a yage ba.

"Baba Namadi, daina kallonshi kamar amarya," in ji Alhaji. "Naka ne, da tiyo ɗinshi, in cika maka tanki. Ni ƙasa kaɗai nika so."

"Ƙasa ta cika duniya, Alhaji. Ga ta nan ƙarƙashin takalminka."

"Wagga ko akuya ba ta yarda ta kwanta bisanta. Taka nika so, baƙar nan ta bakin gulbi."

Alhaji ya gina gida a Anka, a wani fili da aka daɗe ana niƙa dutsen zinari a kansa. Da yake ya san abin da wannan aiki yake bari a ƙasa, sai ya sa aka malale tsakar gidan da siminti kakaf. Matarsa Hajiya Basma kuwa a Kaduna ta tashi, tana son furanni a gida kamar yadda ta saba gani. Magini ya yi mata akwatuna na bulo guda goma sha biyu a jikin katanga, kowane tsayinsa ya kai gwiwa, aka cika su da ƙasar gefen hanya. Sau biyu ana kawo furanni daga Kaduna suna mutuwa. Sai wani ya ba Alhaji labarin lambun Namadi.

"Rabin lambun," in ji Namadi, bayan ya daɗe yana sosa gemu. "Rabi, ba ƙari. Zurfin taƙi ɗaya da yatsu huɗu. Ni za ni kafa turaku da hannuna."

"Kuma ka zo Anka ka haɗa ta da kanka. Ba ni son a zuba zinari cikin kwando."

"In zo."

"Ɗantani, kai ne shaida."

Ɗantani ya ce ya shaida, ya riga ya fara ɗaure kwalin da igiya. Suka tafa. Namadi ya ɗora injin a bayan ɗan acaba, shi ya zauna can ƙarshe yana rungume da shi har Yargalma.

Matarsa Tasalla tana sheƙe gero a tsakar gida lokacin da ya shigo da kwalin. Ta saurari labarin duka ba ta ajiye ƙwaryar ba.

"Malam, mutane na sai da abin da ƙasa ta ba su. Kai ƙasar kanta ka sayar?"

"Rabi. Kuma ƙasa yin ta aka yi, Tasalla, ba daga sama ta faɗo ba. Babana ya iske wurin nan fako, shi yam mai da shi haka. Rani ukku shanun Ardo su kwana bisa, ta koma yadda take."

"Ardo shekara biyu ba mu gan shi ba."

"Ya aiko. Ya ce bana shina tahe."

"Wa ya aiko?"

Namadi ya sunkuya yana kwance igiyar kwali.

Gaskiya ce ya faɗa game da ƙasar. Mahaifinsa da mahaifin Ardo Ishaq ne suka fara abin. Kowace shekara in an cire amfanin gona, Fulanin Ardo sukan sauka a bakin gulbi, su kafa turakun shanu a cikin lambun tun kafin a yi shukar rani. Shanu su ci kara da harawa, su kwana a wurin, su bar taki da fitsari. Mai lambu ya ba da dammunan gero da kanwa, matan ruga su kawo nono. Ba a taɓa rubuta komai ba. Shekara hamsin da ɗoriya ana haka, har jar ƙasar ta koma baƙa, mai laushi, in ka cusa hannu sai ya nutse zuwa wuyan hannu ya fito da tana. Namadi yana da ɗabi'ar da ya gada: duk ƙasar da zai yi wa hukunci sai ya ɗebi kaɗan da yatsu biyu ya ɗora a harshe. Ta nan yake gane mai kanwa, da mai tsami, da wadda ta gaji.

Abin da ƙasar ba ta iya yi masa shi ne ɗaga ruwa. Shekarunsa sittin da uku, bayansa ya ƙi. Injin maƙwabcinsa yake jira, kuma mai inji sai ya gama da nasa da na surukansa kafin ya tuna da Namadi, lokacin alayyafo ya riga ya sunkuyar da kai. Ranar da bai samu ba, sai ya ɗauki jarka biyu ya yi ta sauka gulbi yana hawa. Duk wanda ya yi wannan sawu arba'in a rana ya san abin da ya sa tsohon ya kasa ɗauke ido daga jan inji.

Ya kafa turaku ya raba lambun biyu. Tifa ta zo da masu shebur, shi kuma ya hau gaba ya bi ta zuwa Anka.

Da ya ga akwatunan bulon sai da ya yi dariya. Hajiya Basma ta fito ta gaishe shi da ladabi, ta sa aka kawo masa fura.

"Hajiya, mu muna haƙa komin shuka ƙasa don ruwa ya kwanta. Ku kun ɗaga shi sama kamar gadon asibiti."

"To Baba, ai marasa lafiyar ne aka kawo maka," in ji ta.

Ya sa aka kwashe ƙasar gefen hanyar duka, ya leƙa gindin akwatin, ya ga magini ya shafe shi da siminti ba kafa ko ɗaya.

"Ga abin da yak kashe maki su. Ruwa ya shiga bai da hanyar fita, saiwa ta ruɓe. Tukunya anka gina maki."

Ya karɓi guduma da kurfi ya huda ramuka a gindin kowane akwati ta gefe. Ya shimfiɗa tsakuwa wankakkiya kaurin tafin hannu, ya bi ta da ruɓaɓɓen kara don kada ƙasa ta toshe tsakuwar. Sannan ya sa aka share siminti aka yi wurin kwaɓi. Kwando uku na baƙar ƙasarsa, kwando ɗaya na yashin gulbi, rabin kwando na buntun shinkafa da ya shekara a jibge, da ɗan barbaɗin toka. Yashin ma bai yarda da na Anka ba, ya ce bai san inda ruwan ya biyo ba, sai da aka ɗebo daga saman lambunsa. Yana juyawa yana yayyafa ruwa, ya damƙi ƙasar a hannu ya buɗe. In ta dunƙule ta ƙi fashewa, a ƙara yashi. In ta zube ta tsakanin yatsu, a ƙara baƙa. In ta tsaya dunƙule amma ya taɓa ta da ɗan yatsa ta wargaje, sai ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce a zuba.

Hajiya ta tsaya tana kallo da mayafinta a baki.

"Baba, ƙasa kake ci?"

"Tambayarta nika yi, Hajiya. Ita ba ta ƙarya."

Rabonsa da jin daɗin aiki irin wannan ya manta. Ana kawo masa shinkafa da nama, ma'aikata suna ce masa injiniya. A nan ne kuma lissafinsa ya karkace. Shi duk rayuwarsa komin shuka na ƙasa ya sani, bai san akwatin da aka ɗaga yana da ciki ba. Ya yi zaton tifa biyar ta isa. Aka cika tara daga cikin akwatunan har baki, ya ce a ba su ruwa a bar su kwana bakwai kafin a dasa komai. Ran na bakwai ya zo ya tarar ƙasar ta zauna, kowane akwati ya sauka da kusan taƙi guda, uku na ƙarshe kuwa dama ba su samu rabonsu ba.

Alhaji ya zo ya duba, ya ɗaga kafaɗa.

"A cike da ta gefen hanya mana. Wa za shi sani?"

"Furen za shi sani," in ji Namadi.

Ba wanda ya tilasta masa. Alhaji bai ce a ƙetare turaku ba, alƙawari kuma ya cika. Namadi ne ya tsaya yana kallon akwatunan nan da ya huda da hannunsa, ya ji ba zai iya barin a ɗora jar ƙasa a kan aikinsa ba, a ce gobe ga abin da mai lambun Yargalma ya yi. Ya kira direban tifa ya ce a koma, a tsallake turaku, a ɗebo daga ɗaya rabin. Ya ce a ransa shanun da za su gyara rabi, su ne za su gyara fiye da rabi. Tifa tara aka yi kafin akwatunan su ƙoshi. Alhaji ya ji daɗi, ya ƙara masa da shadda da buhun shinkafa.

Furanni suka kama. Kafin wata uku katangar ta ɓace a bayan wardi ja da fari da wasu masu ruwan ɗorawa da Namadi bai san sunansu ba. Aka yi bikin ƙanwar Hajiya a gidan, duk hoton da aka ɗauka a gabansu aka ɗauka. Hajiya ta sa aka nuna wa Namadi hotunan a waya, ya yi ta murmushi kamar jikokinsa ne.

A lambu kuwa, abin da ya rage na baƙar ƙasa wani siriri ne a gindin giginya, bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. Sauran wurin ya koma kwari mai farar fuska, tauri kamar daɓe. Ya tayar da jan inji, ruwa ya fito da ƙarfin da bai taɓa mallaka ba, ya bi bisa fakon nan ya gangara gulbi inda ya fito. Ya sa garma, bakinta ya yi ƙara. Ya fasa da diga ya shuka alayyafo da albasa, suka fito ɗai-ɗai, rawaya, suka tsaya a tsayin ɗan yatsa. Ya sayo takin zamani ya zuba, ganye ya yi kore na sati biyu, daga nan ƙasar ta yi ɓawo ta tsattsage. Ya ɗanɗana ta, bai ji komai ba sai ƙura.

Kaka ta wuce, aka cire gero, kara ya bushe a gonaki. Kowace safiya Namadi yakan tsaya bakin gulbi yana duban hanyar da shanu suka saba biyowa. Tun da daji ya lalace, ɓarayi suna kora shanu, 'yan sa-kai suna tare hanya, ba Bafulatanin da ke kusantar gari da garke. Ya san wannan kamar yadda kowa ya sani. Ya dai ɗauka Ardo daban ne, tun da a lambun suka yi wasan ƙasa tare.

Wani ya ce masa ya ga Ardo a Gummi. Ran kasuwa ya shiga mota ya tafi. Ya zaga kara inda ake sayar da shanu bai gan shi ba. Can a bakin hanyar fita ya hangi wani dogon tsoho zaune a kan buhu, gabansa igiyoyin ɗaure dabbobi guda goma sha wani abu, yana tufka wata.

"Ardo."

Tsohon ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo, sannan ya kira shi da sunan da Fulani ke tsokanar Bahaushe da shi.

"Kaɗo. Kai ne ka tsufa haka, ko yunwa ce?"

"Rashin nono ne. Wanda ke kawo mani ya gudu."

Suka riƙe hannun juna suka gaisa, suka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Namadi ya zauna a gefen buhun. Ya so ya bi maganar a hankali, amma ta fito masa kai tsaye.

"Yaushe za ka sauka? Karan na nan ban bari an taɓa ba. Bana dammi goma za ni ba ka."

Ardo ya ci gaba da tufka.

"In sauka da mi? Da igiya?"

"Shanun hwa?"

"Tamanin da huɗu. Da hantsi sunka zo, muna kallo. Waɗanda sunka kora su da harshena suke magana. Na taho gari in kai ƙara, 'yan gari sunka ce ni ma ɓarawo ne, sunka ƙone rugar. Yarana sun yi kudu da 'yan awaki." Ya ciji bakin igiyar ya ƙulle. "Yanzu ni ke sai da abin ɗaure saniya ga masu saniya."

"An ce ka aiko bana kana tahe."

"Na faɗa wa wani haka, bara waccan. Lokacin ina da abin tahowa da shi. Lambun lahiya?"

Namadi ya dubi igiyoyin.

"Lahiya lau," in ji shi.

Ya sayi igiya biyu da ba ya da abin ɗaurewa da su, ya hau mota ya koma.

Rani biyu suka wuce a haka. Yana tara kashin awakin gida a buhu, yana share bola, yana roƙon toka a maƙwabta, duk abin da ya tara a shekara bai rufe wurin da saniya goma za su rufe a mako ba. Tabarma shidan nan ta gindin giginya ita ke ba su na miya da ɗan abin kaiwa kasuwa. Jan inji yana ɗaki an rufe shi da buhu, don jarka huɗu ta isa wurin.

Sai labari ya zo cewa Alhaji Surajo ya kwashe iyalinsa ya mayar Kaduna, bayan an yi yunƙurin ɗauke ɗansa a hanya. Gidan Anka kuma an ce ya bar wa yaransa na aiki, har an rushe akwatunan furanni. Namadi ya je wurin Ɗantani ya sa ya kira masa Alhaji a waya.

"Baba Namadi, injiniya," in ji Alhaji daga can. "Ƙasa? Tana nan jibge, mi za ni yi da ita? Tahi ka kwashe abinka, na ba ka kyauta. Hajiya na gaishe ka, kullum sai ta yi zancen furanninta."

Namadi ya yi ta godiya. Matsalar ɗaya ce, tifa. Direban ya ce hanyar Anka yanzu ba a shiga sai an biya tun kafin a tayar da mota. Namadi ba shi da abin da ya kai wannan kuɗi sai abu ɗaya. Ɗantani ya juya jan injin, ya leƙa tankinsa, ya ce ai ya zama na hannu, ya karɓe shi a rabin kuɗinsa.

"Ka tahi ka gani tukuna mana," in ji Tasalla. "Kuɗin acaba nawa ne?"

"In na tsaya gani wani ya riga ni. Kin san mutane da abin banza."

Ya hau gaban tifa da shebur ɗinsa da sassafe.

Tun daga bakin ƙofa ya ji ƙarar injin niƙa. Gidan da ya sani da ƙamshi ya koma wurin aiki. An jera injina uku a inda aka yi rumfar biki, ana zuba musu fasasshen dutse, farar ƙura tana tashi tana sauka a kan komai. A tsakiyar gidan an yi wani tafki da ake wanke garin dutsen, samari tsaye a ciki zuwa gwiwa suna juya kwanoni. Shugaban aikin, wani baƙo mai suna Mas'ud, ya tare shi da fara'a.

"Kai ne mai ƙasar? Alhaji ya kira. Wallahi Baba ƙasarka ta yi mana rana. Mun gwada yashi, ruwa ya gudu. Ita kuwa da muka yi ganuwa da ita, shiru kake ji."

Ya nuna masa. Ganuwar da ta kewaye tafkin, mai tsayi zuwa ƙugu, ita ce ƙasar. Tifa tara, an tara ta an daddanna da ƙafa. Kullum in an gama wanki, sai a kwashe laka mai ruwan toka daga gindin tafkin a watsa a kanta. Wata takwas ana haka.

Namadi ya matsa kusa. Ƙasar ba ta mutu ba. Wani wardi da ya tsira daga rushewar ya yi fure ja a gefe ɗaya. Kuma ko'ina a bayan ganuwar alayyafo ne, irin nasa, mai jan kara, wanda ƙwayarsa ta biyo ƙasar tun daga Yargalma. Ya yi ganye kamar tafin hannu. Rabonsa da ganin alayyafonsa haka tun ranar da ya kafa turaku.

"Shi muke miya da shi," in ji Mas'ud. "Ko taki ba mu sa masa."

"Ku daina."

"Don me?"

"Gubar dalma. Tana cikin lakar nan, tana bisa ganyen nan. Ku daina ci, kuma kada wanda ya shiga gida wurin ɗiyanshi da tufafin nan."

Samarin da ke cikin ruwa suka yi dariya. Ɗaya ya ce, "Baba, mu yunwa muke tsoro, ita ce ke kisa da wuri."

Namadi ya san saurin kisan dalma. A shekarar dubu biyu da goma, lokacin da ake niƙa irin wannan dutse a cikin gidajen Yargalma, 'yarsa Luba tana da shekara uku. A tsakar gida take wasa, tana cin abin da ta tsinta kamar kowane yaro. Ta fara da amai, ta koma sanƙarewa, kwana huɗu aka yi. A makon da aka binne ta an binne yara shida a unguwarsu. Daga baya da masu aikin tsabtace gari suka zo, Namadi yana cikin waɗanda aka ɗauka suna kankare ƙasar gidaje ana kai wa rami ana binnewa. Ya ga na'urar da suke ɗora wa ƙasa ta nuna lamba. Ya ga ta nuna lamba mai yawa a wurin da idonsa da harshensa suka ce lafiya lau. Tun daga lokacin ya san akwai abu ɗaya da ƙasa ke ɓoye masa.

Direban tifa ya leƙo ta ƙofa.

"Baba, a fara lodi? Ina son in bar hanyar nan kafin la'asar."

Namadi ya tsuguna a gindin ganuwar. Ya cusa hannu ta ƙasa, inda lakar ba ta fito fili ba. Hannun ya nutse zuwa wuya. Ya fito da ita baƙa wuluk, mai sanyi, ya damƙa ya buɗe, ta tsaya dunƙule, ya taɓa ta da ɗan yatsa ta wargaje. Ya yi tunanin a kankare ta sama a ɗebi ta ciki. Ya yi tunanin in ya shimfiɗa ta a lambu, damina ɗaya ta wanke ta, wa zai bambanta. Ba mai zuwa kasuwar Bukkuyum da na'ura. Matan da ke sayen alayyafonsa ganye suke dubawa, su kai gida su yanka, su ba na goye romon a cokali. Kuma ƙasarsa ce, ta ubansa, an ce ya ɗauka kyauta, ga mota a ƙofa an biya.

Yatsunsa biyu sun riga sun ɗebo, sun kama hanyar bakinsa kamar yadda suka saba shekara hamsin. Sai da suka kusa taɓa leɓe ya tsayar da su. Ya daɗe yana kallon ɗan abin da ke tsakaninsu. Wadda ba zai iya sawa a harshensa ba, bai ga yadda zai aika da ita tukunyar wani ba.

Ya kakkaɓe hannu, ya roƙi ruwa da sabulu ya wanke har gwiwar hannu, ya wanke bakin shebur ɗin ma duk da bai taɓa komai ba.

"Mu tahi," ya ce wa direba.

"Lodin fa?"

"Babu lodi."

"Kuɗina dai ba ya dawowa, Baba. Mai na ƙona."

"Na sani."

Mas'ud ya bi shi da kallo, ya ce wa samarin tsohon nan da alama kansa ba daidai yake ba. Ya tsinke jan furen ya miƙo masa ta tagar mota, ya ce ko wannan ya kai wa Inna. Namadi ya ce ya bar shi a inda yake.

Tifa mara kaya ba ta ɓoyuwa, tun daga nesa bodinta ke kaɗawa a kan ramuka. Tasalla tana bakin lambu da kwando, ta share wurin da za a juye. Ta ji ƙarar tun motar ba ta fito daga cikin itatuwa ba, ta ajiye kwandon. Da ya sauko ba ta tambaye shi komai ba sai da direba ya juya.

"Wani ya riga ka?"

"Tana nan duka. Sun yi ganuwar wankin dutse da ita."

Ta dubi ƙurar da ke jikin rigarsa. Ita ce ta riƙe Luba a kwana huɗun nan.

"Ka taɓa ta?"

"Na wanke."

"Cire rigar nan a nan, kada ka shigo mani gida da ita." Ta ɗauki kwandonta. Ta yi taku kaɗan ta tsaya, ba ta juyo ba. "Jarkunan na bayan ɗaki. Ɗaya na yoyo, sai ka liƙe."

Da aka zo ƙidayar wanda ya ci da wanda aka ci a wannan ciniki, ba ta da wuya. Alhaji Surajo ya samu furanni na shekara biyu da ganuwa ta kyauta, bai kuma karya alƙawari ko ɗaya ba. Hajiya Basma tana da hotunanta. Ɗantani ya sayar da inji ɗaya sau biyu. Direba ya ci kuɗin lodin da bai ɗauka ba. Namadi ya rasa ƙasar, ya rasa injin, ya koma sauka gulbi da jarka yana da shekara sittin da shida, a kan tabarma shida. Sauran waɗanda suka ci riba su ne matan da ke tsayawa gaban tirensa ran kasuwar Bukkuyum da yara a bayansu. Su ba su san an yi ba, kuma har yau in sun ɗaga ɗaurin alayyafonsa sai sun ce ya yi ƙanƙanta, a rage musu.